Ba Kullum Laifin Kafireta Ba Ne

A Maradi, da zarar injin yankan itace ya tashi ya mutu, sai ka ji an ce kafireta ce, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska, a hau murɗa sukurorinta. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, fetur ne ba ya isowa gare ta.

Fara sassauta murfin tanki. In ka ji iska ta ja "fuu", injin kuma ya dawo daidai, ƙofar shaƙar iskar tankin ce ƙurar hunturu ta toshe. In ba haka ba, lanƙwasa waya ka zaƙulo 'yar matatar da ke bakin tiyo cikin tankin, ka duba ko datti ya toshe ta. Man kwalba na bakin hanya ba ya rasa datti. Duba tiyon ma, zafi yana tsattsaga shi. Fetur ɗin da aka gauraya da baƙin mai ya yi watanni a ajiye kuwa, zubar da shi kawai.