Kewar rabuwa a wurin kare, da baƙin cikin mutuwar dabbar gida

Kewar rabuwa wani hali ne da ke kama kare idan aka bar shi shi kaɗai, ko in mutumin da ya saba da shi ya fita, sai ya rikice ya yi ta haushi da kuka, ya tone gindin ƙyaure, wani ma har fitsari da kashi yake yi inda bai saba yi ba. Likitocin dabbobi sun sa abin cikin cututtukan tsoro, ba rashin ji ba ne kuma ba ramuwa yake wa maigida ba. An fi maganarsa kan karen tsintuwa, wato wanda aka ɗauko daga titi ko aka karɓo daga hannun wani bayan ya riga ya girma ya san wani gida.

Alamomi

Galibi abin na tashi ne cikin rabin awa na farko bayan fitar mutum. Wani karen tun kafin a fita ya fara, da ya ga an ɗauki hula da makullin babur sai ya kama kai da kawo yana haki, yawu na zuba, ya ƙi taɓa ƙanzon da aka ajiye masa har sai an dawo. Wanda ke ɗaure yakan ja sarƙa har wuyansa ya saɓule. Maigida na shigowa kuma komai ya wuce kamar ba a yi ba, shi ya sa da yawa ba su ma san ana yi ba sai maƙwabta sun kawo ƙara.

Tarihi

Zaman kare da ɗan Adam ya daɗe ƙwarai, masu bincike na cewa aƙalla shekara 15,000, wasu na kai shi gaba da haka nesa, ba a dai daidaita ba. A 1914 masu fasa dutse a Oberkasel kusa da birnin Bon na Jamus suka tono wani kabari mai kimanin shekara 14,000, namiji da mace da ɗan kare a rami guda. Da aka sake duba haƙoran karen daga baya sai aka ga ya sha ciwo mai tsanani tun yana kwikwiyo, irin ciwon da da wuya ya rayu in ba jinyarsa aka yi ba, ga shi a lokacin ba farauta yake musu ba balle gadi. Marubucin nan na Girka, Hirodotus, wanda ya rayu wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce Misirawan da in kyanwa ta mutu a gida mutanen gidan gira suke askewa, in kare ne kuwa kai da jiki duka.

A Turai gidajen tara karnai marasa gata sun fara ne a ƙarni na 19. Wata mata Mary Tealby ta buɗe ɗaya a Landan a 1860, shi ne ya zama gidan Battersea da ke aiki har yau, kuma daga irin waɗannan gidaje ne al'adar zuwa a karɓi babban kare a kai shi sabon gida ta bazu. Maƙabartun dabbobi ma suka biyo baya, ta Hyde Park a Landan wajen 1881, ta Hartsdale a jihar Niyok 1896, ta Asniyer kusa da Paris 1899. Labarin kewar kare ga maigidansa da ya fi shahara shi ne na wani kare, Hachiko, a Japan, wanda maigidansa, malamin jami'a Hidesaburo Ueno, ya rasu a wurin aiki a 1925, karen ya ci gaba da zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya yana jira har ya mutu a 1935. An kafa masa mutum-mutumi a wurin. Akwai masu cewa abincin da ake ba shi a tashar ne ke jan shi.

A ƙasarmu Nijar kuma akwai karen Azawak, dogon nan siriri na Abzinawa da sauran makiyayan arewa, da aka fara kai shi Turai a shekarun 1970. Masu kiwonsa sun san shi da manne wa mutanen gidansu da ƙin baƙo, don haka canja masa hannu bayan ya girma aiki ne ja.

Abin da bincike ya nuna

A 1998 wani mai bincike József Topál da abokan aikinsa a Budafes ta ƙasar Hungary suka ɗauki gwajin da masaniyar halayyar ɗan Adam Mary Ainsworth ta tsara don auna shaƙuwar jariri da uwarsa suka yi wa karnai, aka ga in maigida ya fita daga ɗaki kare na tsayawa bakin ƙofa ya rage wasa, in ya dawo ya tarbe shi daban da yadda yake tarbar baƙo. Wani bincike a Finlan a 2020 kan karnai sama da 13,000 ya samu matsalar rabuwa a kashi 5 cikin 100, tsoron ƙara kamar tsawa kuwa kashi 32. Ko karen tsintuwa ya fi sauran kamuwa, nan an rabu: wasu binciken sun ce e, wasu ba su ga bambanci ba, wasu kuma na cewa matsalar ce tun farko ta sa aka yar da shi.

A Maradi

Nan kare ɗan aiki ne. Na gadi ne a gida ko garka ko gona, na farauta ne wurin ƴan farauta da ke fita daji da rani, na kiwo ne wurin Fulani da Buzaye wajen Dakoro. Ba ya kwana ɗaki, kuma karen ƙauye da ke yawo sake cikin ƴan uwansa da awaki da yara da wuya ya san kaɗaici. Inda abin ke fitowa shi ne cikin gari, sababbin unguwanni masu dogon gini da ƙofar ƙarfe, mutum ya karɓo babban kare daga wani da zai yi ƙaura, ko ya sayo daga ƙauye don gadi, ya ɗaure a lungu, shi ya tafi kasuwa, uwargida aiki, yara lakwal, gida shiru tun safe har azahar. Karen ya wuni yana kuka, da dare ma haka, ga camfin da wasu ke yi cewa kukan kare da dare ba alheri ba ne, sai a bi shi da sanda, duka kuwa tsoro yake ƙarawa. Wani in ya tsinke sarƙa tsohon gidansu yake komawa ko da ba kowa a ciki.

Babban haɗarin shi ne a ɗauka hauka ne. Haukan kare cuta ce ta daban mai kisa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya. Mahaukacin kare ba ya lafawa don maigida ya dawo, yana cizon abin da ya samu, haɗiya na gagararsa, kuma cikin kamar kwana 10 da bayyanar alamu yake mutuwa. Mai kewa kuwa da ya ga mutuminsa ya warke. Duk da haka karen da ba a san asalinsa ba allurar rigakafi ce farkon abin da za a yi masa.

Magani

Sabo a hankali: a fita minti kaɗan a dawo, a riƙa ƙarawa, a bar masa ƙashi ya yi ta gwigwiya, a sake shi ya zaga kafin a ɗaure, a daina duka. Ƙaro wani karen ba kullum yake aiki ba. A Amurka an amince da magunguna biyu, kulomifiramin da fuluwoksetin, amma sai da likitan dabbobi.

Addini

An halatta riƙon kare don farauta, kiwo da gona, hadisi ya yi gargaɗin raguwar lada ga mai riƙonsa ba dalili. Malikiyya ba su ɗauki jikin kare najasa ba, wasu mazhabobin sun saɓa. Kan tausaya masa dai ba saɓani, hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne.

Baƙin cikin mutuwar dabba

Masana halayyar ɗan Adam na sa wanga baƙin ciki cikin wanda jama'a ba ta ba mai shi damar nunawa ba, fahimtar da Kenneth Doka ya fito da ita a 1989. A Maradi kuwa haka abin yake, babba ya ce yana jimamin kare dariya za a yi masa, iyaka a ce "Allah ya mayar da alheri" kamar an yi asarar kaya, a ja mushen a kai bayan gari. Amma sabo ake wa kuka, kuma kowa ya san yaron da ya yi wata da watanni yana ba rago dusa da harawa, ranar Layya ya ɓuya a ɗaki ya ƙi cin nama, ko saurayin da muzuru ya shiga ɗakin tattabarunsa, ko tsohuwar da jar akuyarta ta mutu wajen haihuwa. Na doki ne kawai ake ɗan yi wa jaje a fili. Ga shi kuwa Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa ƙanensa Abu Umair na da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, ya mutu, Manzon Allah (SAW) ya gan shi cikin damuwa ya tambaye shi labarin tsuntsun yana lallashinsa.

Su ma karnan suna nuna alama in abokin zamansu ya mutu. Wani bincike a Italiya a 2022 da ya tambayi masu karnai 426 ya samu kashi 86 cikin 100 sun ga canji a wanda ya rage, ya rage ci da wasa, ya ƙara barci da neman kulawa. Ko jimami ne irin namu ko kuwa damuwar maigidan ce yake ɗauka, masu binciken ba su yanke ba.