Ba da jini ɗan tsako ke gane uwarsa ba

A Tawa an daɗe ana cewa jini ne ke nuna wa ɗan tsako uwarsa. To, ina batun ƙwan zabbin da mata ke sa wa kaza da damina? Suna ƙyanƙyashewa sai su bi ta har gindin rumbu, alhali ba su haɗa komai ba.

Gadon ɗan tsako kaɗan ne: idonsa na karkata ga abu mai motsi, musamman mai siffar kai da wuya. Sauran koyo ne, cikin kwanakin farko. Konrad Lorenz, masani ɗan Ostiriya, ya bayyana wannan koyon a 1935. Ƴaƴan dinyar da suka fara buɗe ido a kansa, shi suka riƙa bi, har cikin ruwa.