Liftar gida

Liftar gida na'ura ce da ake kafawa a gidan zama domin ta kai mutum daga hawa ɗaya zuwa wani ba tare da ya taka matakala ba. Masu amfani da ita su ne guragu, da tsofaffin da gwiwa ta gaza, da waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki, da masu ciwon zuciya da numfashi ke yanke musu in sun hau bene. A Damagaram da sauran garuruwan Nijar an fi sanin ta da asansar, daga Faransanci. A tsallaken iyaka, Kano da Katsina, lifta ake cewa. Ta bambanta da ta otal wajen ƙanƙanta da tafiyar hawainiya: ƙa'idar Tarayyar Turai ba ta bari irin wannan na'ura ta wuce santimita 15 a daƙiƙa, ke nan hawa ɗaya mai mita 3 yana cin daƙiƙa 20.

Asali

Dabarar ta girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba. Vitruvius, masanin gine-gine na Rum, ya ambaci cewa Archimedes ya ƙera abin ɗaga kaya da igiya, ana kyautata zaton wajen shekara ta 236 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Aikinsa bai yi nisa da na guga a bakin rijiya ba: igiya, da ƙafar da take bi, da ƙarfin mutum ko dabba.

Wanda aka fi dangantawa da kujerar hawa matakala ta farko shi ne Sarki Henry na Takwas na Ingila. Ya faɗo daga doki a 1536, ƙafarsa ta lalace, jiki kuma ya yi masa nauyi ƙwarai. Masanin tarihi David Starkey ya gano a jerin kayan sarkin wata kujera mai hawa da sauka a fadar Whitehall, wadda ake jin bayi ne ke ja da igiyoyi. Ko ta cancanci sunan lifta, masana ba su haɗu a kai ba. A 1743 aka kafa wa fadar Versailles ta Sarki Louis na Goma Sha Biyar abin da Faransawa suka kira kujera mai tashi. Mai zama ne ke jan igiya da hannunsa, nauyin da aka rataya a ɗaya ɓangaren yana rage masa wahala.

Abin da ya hana mutane yarda da lifta shi ne tsoron tsinkewar igiya. Ba'amurke Elisha Otis ya ƙera birkin da ke cafke dandamali da zarar igiya ta saki, a 1852. A wani baje koli a New York, a 1854 (wasu sun ce 1853), ya hau dandamalin a gaban jama'a, ya sa aka sare igiyar, dandamalin ya ɗan zame ya tsaya cak. A 1857 aka kafa liftar fasinja ta farko a wani kanti a birnin. Léon Edoux ya nuna tasa mai aiki da matsin ruwa a Paris a 1867, kuma shi ake ba asalin kalmar da ta zama asansar. Mai aiki da lantarki ta fito daga hannun Werner von Siemens a Mannheim ta Jamus a 1880.

Duk waɗannan na manyan gine-gine ne. Kujerar matakala ta zamani, ta cikin gida, ta soma ne a jihar Pennsylvania ta Amurka wajen 1923, lokacin da C. C. Crispen ya ga wani abokinsa marar lafiya ya kasa hawa benen gidansa, ya ƙera masa kujera mai bin dogo a gefen matakala. Ya sa mata suna Inclin-ator, ya kafa kamfani, sannan wajen 1928 ya fito da ƙaramar lifta ta gida mai suna Elevette. Da yawa daga masu sayen farko waɗanda shan-inna ta naƙasa ne. A Ingila kamfanin Stannah ya shiga ƙera kujerun matakala a 1975.

Ire-irenta

Kujerar matakala ita ce mafi sauƙin kafawa, don ba a fasa komai. Ana ɗaure dogon ƙarfe a jikin matakalar kanta, ba a bango ba. A ƙarƙashin kujerar akwai ƙaramin inji mai haƙora da ke cizon haƙoran dogon yana tafiya. Tsohuwa za ta zauna, ta ɗora ƙafa a kan mataki, ta ɗaura bel, ta danna ɗan maɓallin da ke hannun kujerar. In ta ɗaga yatsa, kujera ta tsaya. In matakin ya taɓa wani abu a hanya, ko takalmin jika ne, sai ta tsaya da kanta. A sama kujerar tana juyawa ta ba matakala baya, don kada mai sauka ya miƙe a bakin rami. Yawancinsu batir biyu ne masu bolt 12 ke tafiyar da su, suna caji in kujera ta koma mazauninta, shi ya sa ɗaukewar kuran (wutar lantarki) ba ya barin mutum a tsakiyar hanya. Suna ɗaukar kilo 120 zuwa 140. Matakala mai kwana tana bukatar dogon da aka lanƙwasa daidai awonta, wannan ke tsananta tsada. Aibinta ɗaya ne babba: mai keken guragu sai ya bar kekensa a ƙasa.

Dandamali kuwa yana ɗaukar mutum da kekensa gaba ɗaya, ko dai ya miƙe sama tsaye ko ya bi jikin matakala.

Nau'i na uku shi ne ƙaramin ɗaki mai ratsa rufi. Wani matsin mai ke tura shi, wani igiyar ƙarfe da nauyi, wani doguwar ƙusa mai juyawa, wani kuma iska ake zuƙewa daga saman bututu sai ɗakin ya tashi.

Haɗari

A Amurka yara sun mutu bayan sun maƙale tsakanin ƙofar waje da ƙofar ciki ta liftar gida. Ƙa'idar ƙasar ta 2016 ta rage wannan tazara zuwa kimanin santimita 10.

A Damagaram

Tsarin gidan Bahaushe bai nemi lifta ba. A unguwar Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take tun wajen 1850, da Zango ta fatake, gida a ƙasa yake: zaure, tsakar gida, ɗakuna kewaye. Bene a da na sarakuna da attajirai ne, ginin ƙasa a kan azara, da ƴar matakala matsattsiya wadda ba za ta riƙe dogon ƙarfe ba. Abin da ke tare gurgu a nan ya fi hawa ɗaya gajarta: dokin ƙofar zaure da aka ɗaga don ruwan damina, da dakali, da rairayin lungu da ke shanye ƙafar keke, da duwatsun da Birni ke zaune a tsakaninsu. Mai keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu yakan ajiye shi a ƙofar zaure, ya ƙarasa ciki da rarrafe.

Maganar lifta ta taso ne da benayen siminti na sababbin unguwanni. Ko a can, in Baba ko Inna suka gaza, abin da aka saba shi ne a sauko da su ɗakin ƙasa, ko samarin gida su ɗauke su a kujera, ana cewa "Sannu Inna, riƙe ni da kyau." Gangaren siminti yana maganin dokin ƙofa da kuɗi kaɗan, amma ba ya maganin bene: ƙa'idar da aka fi bi ita ce mita 12 na tsawo ga kowace mita ɗaya ta tashi, ke nan hawa mai mita 3 na son gangare mai mita 36, abin da ya fi ƙarfin yawancin filaye.

Wanda ya kafa lifta kuma yana da abokan gaba uku. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da man dogo ta zama laka mai cin haƙora, sai an yawaita gogewa. Zafin bazara, da ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana rage kwanan batir. Na uku kuran ne: layin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake fitowa, kuma Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki. Saboda haka nau'i mai batir, ko wanda za a iya sauko da shi da hannu, ya fi dacewa da garin, musamman in an haɗa da sola.

Doka

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a ranar 13 ga Disamba 2006, Nijar ta tabbatar da ita a 2008. Sashe na 9 ya yi magana a kan sauƙaƙa shiga gine-gine, har da gidajen zama. Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin ɗari na mutanen Nijar na da naƙasa.