“Ikon yanke shawara”: kalmar da ake auna auren masu tawayar fahimta da ita

A Ingila da Wales, da zarar mai tawayar fahimta ya ce yana son wata, ko ta ce aure take so, abin da ma'aikatan jin daɗin jama'a da alƙalai ke fara dubawa shi ne ikon yanke shawara. Tawayar fahimta dai ba taɓin hankali ba ce. Mutum ne ya taso tun ƙuruciya yana jinkirin gane abu da koyonsa, kuma da haka zai rayu.

Kalmar ta samu gindin zama ne a wata doka ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007. Dokar ta ce a ɗauka kowane baligi yana da wannan iko har sai an tabbatar ba shi da shi. Ana duba ko ya gane bayanin, ya riƙe shi, ya auna, sannan ya faɗi zaɓinsa, ko da kuwa ta hanyar nuna hoto da yatsa ne.

Ba awon gaba ɗaya ake yi ba, kowace magana da nata. Wadda lissafin canji a kanti ke rikita ta tana iya sanin aure sarai, da haƙƙin da ke cikinsa. Kuma don uwa ta ce saurayin bai yi mata ba, wannan bai isa hujja ba. Dokar ta yarda mutum ya yi zaɓin da wasu ke gani wauta ne. Mu masu cikakkiyar fahimtar ma sau nawa muka yi?

Idan an tabbatar babu ikon, ana iya zaɓa wa mutum wurin zama ko magani. Amma aure da kwanciya, sashe na 27 ya ce babu mai amsawa a madadinsa, uba ne ko alƙali. Tun 2014 aurar da irin wannan mutum auren dole ne a idon doka, hukuncinsa na iya kai shekara 7 a gidan yari, ko da iyayen sun yi ne don ya samu mai kula da shi bayan ransu.

A 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ƙara cewa, a batun kwanciya, dole mutum ya gane cewa ɗayan ma sai ya yarda, kuma yana iya fasawa a kowane lokaci.