"Jehobah" ba haka sunan yake a Attaura ba

An daɗe ana ɗauka cewa "Jehobah" shi ne ainihin yadda Yahudawa ke kiran Ubangiji. Gaskiya ba su taɓa furta shi haka ba.

A littattafansu na Ibrananci sunan baƙaƙe huɗu ne, yod, he, waw, he, kuma ya zo fiye da sau 6,800. Saboda tsarkinsa aka daina ambatonsa. Babban limami ne ke furta shi ranar Yom Kippur, ranar neman gafara ta Yahudawa, a Haikalin Ƙudus, wanda Rumawa suka rushe a shekara ta 70 miladiyya. Mai karatu idan idonsa ya faɗa kan baƙaƙen nan sai ya ce "Adonai", wato Ubangijina.

Da malaman Yahudawa na garin Tabariyya suka zo sa wa nassin wasali, sai suka ɗora wasulan Adonai a kan baƙaƙen huɗu don tunatarwa kawai. Wanda ya yi karatun allo ya san aikin wasali. Malaman Kirista na Turai kuwa suka haɗa baƙi da wasalin da ba nasa ba, suka karanta Yehowa, wato Jehobah.

Masana na ganin "Yahweh" ya fi kusa da asali. A hira kuma Bayahude mai addini "Hashem" yake cewa, ma'ana "Sunan".