Gadon 'yan hippi a tsibirin Ibiza

Ibiza tsibiri ne na ƙasar Sifaniya a tekun Bahar Rum, ɗaya daga cikin tsibiran Baleyar, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 572. Sunan da ya yi a yau na wurin shaƙatawa da raye-rayen dare ya samo tushe ne daga 'yan hippi, wato matasan Turai da Amurka da suka juya wa tsarin rayuwar iyayensu baya a shekarun 1960, suna ƙin yaƙi da tara abin duniya.

Abin da ya ja su tsibirin shi ne arha da nisa daga idon hukuma. A lokacin Janar Franco ke mulkin Sifaniya, amma ƙauyukan Ibiza sun yi nesa da Madrid. Manoma da yawa sun koma aikin otal a bakin teku, suka bar gidajen gona masu kaurin bango da farin fenti na farar ƙasa, babu lantarki, ruwan sha kuma na sama ne da ake tarawa a rijiyar gida. Baƙin suka karɓi hayarsu da kuɗi kaɗan. Cikinsu har da samarin Amurka masu gudun a tura su yaƙin Biyetnam. Mutanen gari suka laƙaba musu "peluts", ma'ana masu gashi. A ƙauyen Sant Carles, shagon Bar Anita ya zama matattararsu, domin nan wasiƙu da kuɗin da ake aiko musu daga gida ke sauka. Akwatunan wasiƙun na katako suna nan a bango har yau.

Gadon da ya fi fitowa fili shi ne kasuwanni. A 1973 otal ɗin Punta Arabí da ke Es Canar ya ba su fili su baje kayan hannu ga masu yawon buɗe ido, kasuwar kuma tana ci kowace Laraba a lokacin zafi. Ta Las Dalias a Sant Carles ta fara a 1985 da 'yan rumfuna ƙalilan, tana ci ranar Asabar. Jakunkunan fata, zobban azurfa, sarƙoƙin duwatsu da turaren wuta ake sayarwa. Matsalarsu ita ce kayan masana'anta da ake shigowa da su sun cakuɗu da na hannu, mai sana'a kuwa ba zai iya gogayya da farashinsu ba.

Salon tufafin Adlib, wanda Smilja Mihailovitch, wata 'yar Sabiya mazauniyar tsibirin, ta tallata daga 1971, ya haɗa farin yadin auduga da leshi irin na matan karkara da sakakkiyar shigar 'yan hippi. Manyan gidajen rawa ma suna da alaƙa da gidajen gona: Pacha ya buɗe a 1973 da siffar gidan gona, Amnesia kuma a 1976 a cikin wani tsohon gidan gona. Taron da a da ake yi kyauta a fili yanzu sai da tikiti mai tsada.

A gaɓar Benirràs an daɗe ana kaɗa ganguna da faɗuwar rana, al'adar da ta yi ƙarfi bayan taron neman zaman lafiya na 1991. Cunkoson motoci a siririyar hanyar dajin ya zama haɗari; gobarar Agustan 2010 ta ƙone daji da motoci, abin da ya sa hukuma ta riƙa taƙaita shiga.

Ɓangaren da ya fi ciwo shi ne muhalli da matsuguni. Tsibirin mai mutane kusan 160,000 yana karɓar miliyoyin baƙi a shekara. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya har gishirin teku ya shige shi, don haka ake dogaro da injinan tace ruwan teku guda uku. Gidajen gonar nan masu arha sun koma masaukin attajirai, har ma'aikatan otal da dama kan kwana a motoci da tantuna a lokacin zafi saboda tsadar haya.