Sauya lagireton mota: sabo za ka saya ko tokumbo?

Da zarar bazara ta kama, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, sai ka riƙa ganin motoci a gefen titi an ɗaga bonet, direba na tsaye da galan a hannu yana jiran inji ya huce. Ga tambayoyin da masu mota suka fi yi a irin wannan lokaci.

Motata tana zafi, lagireton ne ya mutu?

Ba lallai ba ne. Kafin ka fitar da kuɗi, a duba ko fanka tana tashi, ko famfon ruwa yana tura ruwa, ko wani tiyo yana yoyo. A duba murfi ma, domin shi ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin murfi mai kyau mai riƙe matsin baa 1.1 (baa ma'aunin matsi ne) sai ya kai wajen digiri 120. Idan robar murfin ta bushe, mota za ta riƙa amayar da ruwa alhali lagireton lafiyarsa ƙalau. Idan kuma ka ga kumfa na tasowa a bakin lagireto inji na aiki, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, to galibi gasket ɗin kan inji ne ya ƙone, kuma ko sabon lagireto goma ka ɗaura ba za su magance shi ba.

To idan ya tabbata shi ne, sabo ya fi ko tokumbo?

A nan ne ake yawan gardama. Masu son tokumbo, wato wanda aka ciro daga tsohuwar mota a ƙasar waje, wanda wasu ke kira Beljiyam, hujjarsu tana da ƙarfi: shi ne ainihin wanda kamfani ya ɗaura wa motar, galibi ƙirar Denso in motar Toyota ce, ƙafafunsa da bakunan tiyonsa suna zama daram ba sai an yi dabara ba. Kuma gaskiya ne akwai sabo na bogi a kasuwa, mai kwali mai ƙyalli da siririn alminiyom, wanda ba ya shekara.

Amma akwai abin da ido ba ya gani. Lagireton motocin yanzu tsakiyarsa alminiyom ne, tankunansa biyu kuma roba ce da aka danne da haƙoran ƙarfe. Robar nan tana tsufa da zafi. Wanda aka ciro daga motar 2008 ya sha dumama da hucewa sau dubbai, ko da an wanke shi an fesa masa baƙin fenti. Za ka ga baƙin robar ya fara komawa ruwan ƙasa, musamman kusa da bakin tiyon sama inda ruwa mafi zafi ke shiga. Irin wannan yana iya tsagewa ba sallama, a tsakiyar dajin Falgore.

Ni a ganina, mai motar haya da mai yawan tafiyar nesa ya daure ya sayi sabo na kamfanin da aka sani, irin Denso, Koyorad, Valeo ko Nissens, daga wurin wanda zai karɓa in ya ba da matsala. Mai zirga-zirgar cikin gari da aljihunsa bai kai ba, tokumbo mai kyau ya fi masa sabo na bogi nesa ba kusa ba.

Yaya zan gane tokumbo mai kyau?

Ka tafi da tsohon naka, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka jera su biyu ka gwada tsawo, faɗi da inda bakuna suke. Ka leƙa cikin bakin murfi da tocila: in ka ga jan laka ko farar ƙanzo ta like, cikinsa a toshe yake. Ka shafa siraran fukafukan nan na tsakiya da yatsa. In suna marmashewa, ka ajiye shi.

Sannan kada ka biya sai an gwada shi a gabanka. A toshe bakunan, a hura masa iska kaɗan, a tsoma shi cikin baho kamar yadda mai faci ke yi wa tib. Ka zuba ido a layin da roba ta haɗu da ƙarfe. Ƙananan kumfa guda uku a jere sun isa ka fasa ciniki.

Mai motar otomatik ya ƙara kula. A yawancinsu man giya yana ratsawa ta wani bututu a cikin tankin lagireto don ya huce. In bututun nan ya huje, ruwa da man giya su gauraye, asarar ta koma ta giya gaba ɗaya. Shi ma a gwada shi daban.

Bakanike ya ce in sa dabul sel, wato lagireto mai layin bututun ruwa biyu. Zai ƙara sanyi?

Yana iya ƙarawa, musamman ga motar da ke ɗaukar kaya ko take daɗewa a cunkoso da AC a kunne. Sai dai a tabbata kaurinsa bai sa fanka gogarsa ba, kuma iska na ratsa shi. Sau da yawa abin da ya hana singil sel aiki ƙurar hunturu ce da ganye da suka cushe tsakaninsa da kwandensar AC, wanki kawai yake so.

Ba za a iya like tsohon ba?

Na tagulla irin na Peugeot 504 ana like shi da dalma ya koma aiki shekaru. Na roba kuwa gam ba ya riƙe shi da daɗewa, sai dai a sauya tankin. Zuba ɗanyen ƙwai ko garin barkono dabara ce ta kai mota gari, kuma tana toshe hanyoyin ruwa.

A cire tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye?

A'a. Wannan al'ada ta yi yawa a garejinmu kuma tana ba ni takaici. An ƙera inji ne ya yi aiki a kusan digiri 90. Tamostat yana rufe hanyar ruwa zuwa lagireto har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe a wajen digiri 82 zuwa 90. In aka cire shi, inji yana daɗewa a sanyaye, kwamfutar mota ta ci gaba da ba shi mai da yawa, cikinsa ya riƙa cinyewa. In tamostat ya lalace, a sa sabo.

Wane ruwa zan zuba bayan an ɗaura?

Ban da ruwan rijiya ko na bohol, gishirin cikinsa ne ke zama ƙanzon da ya kashe tsohon. Ka zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, irin wanda littafin motarka ya ce. Na Toyota mai ruwan hoda, alal misali, a gauraye yake zuwa, ba a ƙara masa ruwa. Kada a haɗa iri biyu. Ka ɓoye ragowar nesa da yara da dabbobi, domin yana da zaƙi kuma guba ne.

A sa sabon murfi, a fitar da iskar da ta maƙale a ciki har tiyon sama da na ƙasa su ɗau zafi, fanka ta tashi ta tsaya da kanta. Kwana uku na farko ka riƙa duba ruwan da sassafe kafin ka tayar da mota, ka duƙa ka dubi ƙasa inda ta kwana. Murfin kuwa kada hannunka ya taɓa shi sai inji ya huce sarai, ruwan ciki yana sale fatar fuska.